Yadda Ake Wanke Ƙafafun Ƙaramin Jirgin Big Boy da Sa Masa Mai

Big Boy kan jirgin ƙasa ne mai aiki da tururi, wanda kamfanin ALCO ya ƙera wa Union Pacific a Amurka daga 1941 zuwa 1944, guda 25. Kwaikwayonsa a ma'aunin HO, wato kashi ɗaya cikin 87, tsawonsa haɗe da taragon kwal yana kai kusan santimita 46, kuma kamar na ainihi, yana da rukuni biyu na ƙafafun tuƙi, takwas-takwas.

Da farko a kashe wutar lantarkin layin da ƙaramin jirgin ke aiki da ita, a raba kan jirgin da taragon kwal idan ƙirarsa ta ba da dama. A ɗaga shi da hannu biyu, ana tallafe rukunin gaba, domin yana juyawa a kan gaɓa, kuma idan aka bar shi yana reto, siraran bututun da ke jikinsa suna iya karyewa. A kwantar da shi rigingine a kan soso mai laushi.

Daga nan a jiƙa tsinken auduga da sifirit, a goge bakin kowace ƙafa har audugar ta daina yin baƙi. Wannan dattin shi ne ke katse wuta, jirgin ya riƙa tsayawa yana fizga. Kada a juya ƙafafun da ƙarfin yatsa, don haƙoran giya na iya lalacewa.

Mai kuwa sai wanda ba ya cin roba, a ɗiga da bakin allura a mahaɗan sandunan ƙafafu. Ɗigo ɗaya ya wadatar. Abin da ya wuce haka ƙura yake tarawa.

Sai a mayar da shi kan layi, a tabbatar kowace ƙafa ta hau daidai, a gwada shi a hankali gaba da baya.