Darasi na 6: Uwa mai firgici da yaro mai firgici a ɗaki guda

Wannan darasin na rubuta shi ne saboda wata baiwar Allah da ke zuwa ajinmu na yamma a nan Gusau, wadda suka baro ƙauyensu can wajen Maradun bayan da 'yan bindiga suka shiga musu da asuba. Wata rana ta tsaya bayan an tashi, sai da kowa ya watse sannan ta ce min, "Malama, ɗiyan nan nawa sun lalace. Babban shekara 8 gare shi amma ya koma fitsarin kwance, na buga na buga har hannuna ya gaji." Na ce mata, "Yaya, ke fa, kina samun barci?" Ta yi shiru, can sai hawaye. Ta ce rabonta da barcin kirki tun daren da suka kwana cikin gero.

To mu fara daga nan. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun yana shekara 3 sannan ya dawo yi bayan gudun hijira, ba iskanci ba ne, tsoro ne ya zauna mishi a jiki. Haka wanda ya koma tsotsar yatsa, ko ya maƙale miki ko bayi za ki sai ya bi ki, ko ya zama mafaɗaci kullum dambe da 'yan uwa, ko kuma wanda ya yi tsit ya daina surutun da aka san shi da shi. Ni da idona na ga wata yarinya 'yar shekara 5 tana cin tuwo, ɗan acaɓa ya wuce ta ƙofar gida, ta saki kwanon ta faɗa bayan randa ta toshe kunne, domin a garinsu ƙarar babura da yawa ma'anarta mutuwa ta zo. Duka ba ya cire wannan, ƙara shi yake yi, tunda yanzu yaron yana tsoron daji kuma yana tsoron hannun uwarsa, ina zai sa kansa?

Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, tarbiyya dole ce, ba wanda ya ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Amma a bambanta rashin kunya da razana. In fitsarin kwance ne, ki rage mishi ruwa da koko in dare ya yi, ki kai shi ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki sake tada shi sau ɗaya cikin dare, ki shimfiɗa leda ko buhu ƙarƙashin tabarma. Da safe a wanke a shanya ba tare da an tara mishi yara suna yi mishi waƙa ba, don Allah wannan al'adar a bar ta. In yana kukan zafi wajen fitsari ko akwai jini, wannan kuma na asibiti ne, a kai shi.

Yanzu ke kanki, don nan ne maganar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2019 cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba mai tsanani ko firgicin abin da ya gani. Ku ƙirga matan da ke zaune kan tabarmar nan, ku ga mutum nawa ke nan. Kuma namu ba ƙarami ba ne, daga Zurmi, Shinkafi, Anka, Maru, Tsafe, mutane sun watse, wasu suna kangaye da azuzuwan firamare, wasu gidan dangi ɗaki ɗaya mutum goma, wasu ma tun 2019 suka tsallaka Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya rasa gona da shanu da miji ko ɗa, in zuciyarsa ta riƙa bugawa da ƙarfi, ko abinci ya daina mishi daɗi, ko ya riƙa ganin abin yana dawo mishi kamar yanzu ake yi, wannan ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani.

Abin da ya sa nake nanata wannan, yaro fuskar uwarsa yake karantawa kafin ya iya karanta ko harafi ɗaya. In ya ji ƙara ya duba ki ya ga kin zabura, shi ke nan ya tabbata akwai bala'i. In ya ga kin ja numfashi kin ce "babur ɗin maƙwabci ne, zo zauna", jikinsa zai lafa a hankali. Shi ya sa za mu koyi wani abu yanzu a aji, kowa ta aje fensir. Ki dafa cikinki da hannu, ki ja iska ta hanci a hankali kina ƙirga 1 zuwa 4 har ki ji cikin ya taso, sannan ki sake ta ta baki a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, kina ƙirga 1 zuwa 6. Ki yi sau 5. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, ba tsafi ba ne, haka Allah ya yi jikin ɗan Adam. Wasu suna haɗawa da tasbihi ko Hasbunallahu wa ni'imal wakil, hakan ya yi kyau sosai. Ki yi shi lokacin da kika ji hannunki na ƙaiƙayin mari.

In kuma jariri ne ya ƙi yin shiru har kika ji kanki zai fashe, ki kwantar da shi wuri mai kyau ko ki miƙa wa maƙwabciya, ki fita tsakar gida ki sha ruwa. Kada ki girgiza jariri da ƙarfi ko sau ɗaya, yana iya lalata mishi ƙwaƙwalwa har ya mutu. Kuma masu cewa nonon mai baƙin ciki ya lalace, ba haka ba ne, damuwa tana iya sa ya yi jinkirin zubowa amma nonon lafiyarsa lau, ki ci gaba da ba shi, yawan tsotso ne ke kawo shi.

Sai abin da yaro yake ji da kunnensa. Mu manya in mun haɗu hirarmu ɗaya ce, wa aka kashe, wa aka ɗauka, nawa aka nema kuɗin fansa, ga waya ana miƙa wa juna bidiyon gawa a WhatsApp, yara na gefe muna zaton wasa suke. Wallahi suna ji. A yi wannan hirar in sun yi nisa. In yaro ya tambaya ina Baba, kar a ce mishi ya yi tafiya alhali ya rasu, zai yi ta jiran ƙofa, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da ke. Ki faɗa mishi daidai hankalinsa, Allah ya karɓi Baba, ba zai dawo ba, muna yi mishi addu'a, ni ina nan tare da kai. In ya yi kuka ki bar shi ya yi, ke ma in naki ya zo ba laifi.

Yaro yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya, ko da a kango kuke. Lokacin tashi ɗaya, a wanke fuska, a tafi allo ko boko in akwai, da dare a yi ga ta nan ga ta nanku ko da tatsuniya ɗaya ce ta Gizo da Ƙoƙi. Minti 10 a rana ki zauna da shi ku yi 'yar carafke ko ki yi mata kitso kina jin surutunta, kuma in ya ɗebo ruwa ki ce sannu, Allah ya yi maka albarka. Iyaye maza, har da ku, na san zaman banza bayan mutum ya saba da gonarsa yana cin rai, amma huce haushi kan iyali ko shan ƙwaya irin su tramadol ba ya rage komai. Ɗauki ɗanka ku tafi masallaci tare, ku dawo kuna hira.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki samu mace ɗaya ko biyu da kika yarda da su, wadda ba ta yawo da zance, ku riƙa zama kuna amayar da abin da ke ciki, kuna karɓar wa juna yara. Amma in an wuce sati 2 ba barci ba cin abinci, ko kin kasa tashi ki kula da yara, ko kina jin muryoyi, ko zuciya na raya miki gara mutuwa, to ranar nan ki faɗa wa wani a raka ki asibiti, kar a tsaya sayen maganin barci a kemis. A fara da asibitin da ke kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Babban Asibitin Tarayya na Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. A yi addu'a a kuma sha magani, ba su faɗa da juna.

Aikin gida: ki kwafi waɗannan a littafinki sau 3. Ɗana yana jin tsoro. Zan ja numfashi kafin in yi magana. A ƙasa ki rubuta sunan mutum ɗaya da za ki iya faɗa wa damuwarki, in rubutun ya ba ki wuya ki zo da wuri ranar Laraba mu rubuta tare.