Yadda ake gano shekarun tsohon katin gaisuwar sabuwar shekarar Yahudawa

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, musamman kafin yaƙin duniya na farko, Yahudawan Turai da Amurka sun riƙa aika wa juna katin gaisuwa idan sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, ta kama a watan Satumba ko farkon Oktoba. Wasu katunan suna ɗauke da ƙahon da ake busawa a wurin ibada ko jirgin ruwan masu ƙaura, wasu kuma hotunan jagororin harkar Sahyoniyanci na farko. Masu tara kayan tarihi sun fi yin kuskure a kan kashi na biyun, domin da sun ga fuskar Theodor Herzl, wanda ya kafa ƙungiyar Sahyoniyawa ta duniya, sai su ce katin na zamaninsa ne. Herzl ya mutu a Yulin 1904, amma an ci gaba da buga hotonsa shekaru da dama bayan haka. Saboda haka a juya katin tukuna, fuskar ta jira.

Fara da bayan katin. Katin gidan waya ya samo asali ne a Ostiriya a 1869, kuma a farkon lamari bayansa na adireshi ne kaɗai, saƙo sai dai a matsa shi a gefen hoto. Daga baya aka yarda a ja layi a tsakiya, saƙo a hagu, adireshi a dama. Birtaniya ta fara a 1902, Faransa a 1904, Jamus a 1905, Amurka sai Maris ɗin 1907. Katin Jamus mai layi a tsakiya ke nan bai girmi 1905 ba. Sai dai rashin layi ba ya tabbatar da tsufa, don madaba'u sukan ƙarasa tsohuwar takardarsu kafin su sauya.

Sai a nemi shekarar Ibrananci, kuma nan ne aikin yake. Ba da lambobi ake rubuta ta ba, da haruffa ne, kowane harafi da ƙimarsa. Wanda ya san ramzin da malamanmu suke rufe waƙar ajami da shi ba zai ga baƙon abu ba, illa dai ƙimar wasu haruffan ta bambanta. Ana karantawa daga dama zuwa hagu, kuma galibi ana barin dubu biyar ɗin ba a rubuta ba. Harafin taf (ת) 400 ne, resh (ר) 200, samek (ס) 60, ayin (ע) 70, fe (פ) 80. Idan ka ga תר״ע, ka haɗa 400 da 200 da 70, ka sami 670, wato shekara ta 5670. Ƙara 1239 a kan 670, za ka sami 1909, shekarar da aka aika katin. Da yawa suna ƙara 1240 kamar yadda ake yi wa littattafai, sai su zarce da shekara guda, domin shekarar Yahudawa tana shiga ne a kaka, kimanin wata uku zuwa huɗu kafin Janairu. A kula da resh da dalet (ד), sun yi kama ƙwarai a ƙaramin bugu, amma dalet 4 ne kacal, kuma kafaɗarsa tana da kusurwa.

Katuna da yawa ba su da shekara, don mai madaba'a ya iya sayar da ragowar baɗi. Abin da ke kansu kawai shi ne addu'ar "leshana toba tikatebu", ma'ana a rubuta ku cikin masu shekarar alheri. A irin wannan sai a koma ga kan sarki da hatimin gidan waya, tare da tuna cewa hatimi ranar aikawa yake nunawa, bugu na iya girme shi da shekaru. Hatimin daular Rasha yakan bi tsohuwar kalandar Juliyan, wadda take baya da kwana 12 kafin Maris ɗin 1900, kwana 13 bayan haka. Katin da ya fito daga Ƙudus ko Yafa da kan sarkin Ostiriya, Jamus ko Rasha bai wuce 1914 ba, lokacin da Daular Usmaniyya ta rufe gidajen wayar ƙasashen waje. Kan sarki mai Turanci da Larabci da Ibrananci tare na zamanin mulkin Birtaniya ne a Falasɗinu, daga 1920.

Duba ƙananan rubutun gefe don sunan madaba'a. Yehudia ta birnin Warso ce, Williamsburg Art Company da Hebrew Publishing Company na New York ne. Katunan New York da yawa a Jamus aka buga su, kuma an rubuta hakan a jiki.

Yanzu sai fuskoki. Herzl yana da dogon baƙin gemu mai faɗi. Hotonsa da ya fi yawo, yana jingine a barandar otal yana kallon kogin Rhine a birnin Basel na Suwizalan, E. M. Lilien ne ya ɗauka a 1901 lokacin babban taron Sahyoniyawa na biyar, don haka duk katin da ke ɗauke da shi bai riga wannan shekara ba. A taron ne kuma aka kafa asusun Keren Kayemet na sayen filaye a Falasɗinu, wanda sunansa ke fitowa a wasu katunan. Baƙin layi kewaye da hoto, ko shekarun 1860 da 1904 a ƙasa, alamar makoki ce. Max Nordau, abokin gwagwarmayar Herzl, farin gemu gare shi, David Wolffsohn ya gaji Herzl a shugabancin ƙungiyar a 1905, shi kuwa Chaim Weizmann mai sanƙo da ɗan tsinin gemu ya fi bayyana bayan sanarwar Balfour ta Nuwamban 1917, wadda Birtaniya ta goyi bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. Idan mutum uku ko huɗu suna kati ɗaya, wanda ya yi suna daga baya shi ne ma'auni.

Kafin ka yarda cewa na asali ne, ɗauki madubin ƙara girma mai ninki goma. Bugun dutse mai launi na wancan zamani yana nuna ɗigo barkatai marasa tsari, kala kan kala. Hoton da aka wanke a takardar hoto ba shi da ɗigo sam, kuma gefensa yakan yi sheƙin azurfa. Ƙananan ɗigo masu kala huɗu da suka jeru kamar furanni, a kan takarda fara fat, sun fi nuna sabon bugu. Takardar bayan 1950 takan yi shuɗin haske a ƙarƙashin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita.

Wajen ajiya, kada a manna salatif, kada a kai shi a gasa masa leda, domin gam yana ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa, zafin kuma ba a warware shi. A sa kowane kati a aljihun foliyesta nasa, cikin kwali marar asid, nesa da rana, danshin ɗakin tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Idan ya haura 65 fumfuna za ta kama shi. Katunan da ake buɗewa su miƙe tsaye a bar su a kwance, maƙalansu na takarda ne, suna yagewa da yawan buɗewa. Shekarar da ka gano da hujjarta a rubuta su da fensir a wata takarda daban, a ajiye tare da katin.