Yadda ake haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na rimot wanda zai nutse a ciro shi ya koma fage

A ƙarshen shekarun 1970 wasu masu sha'awar ƙananan jiragen ruwa a jihar Texas ta Amurka suka fara ɗora wa jiragensu 'yan bindigogin iska, suna harbin juna a tafki har ɗaya ya nutse. Wasan ya yaɗu har Ostareliya, ya samu ƙungiyoyi da dokoki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:144, wato santimita ɗaya a jirginka tana madadin santimita 144 a jirgin gaske. Jiragen da ake kwaikwaya kuwa na zamanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne. Mu a Kumasi muna da masassaƙa a Sokoban, muna da maƙera a Suame Magazine, ga masu gyaran rediyo a Aboabo da Asawase da Alabar, don haka hannun da zai yi aikin yana nan. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne wannan: jirgin da za ka haɗa zai sha ruwa, kuma watarana zai nutse. Duk aikin ana yin sa ne domin ranar.

Fara da zaɓen jirgi, ka zauna ka yi lissafi kafin ka sayi ko ƙusa. Tsawon jirgin gaske za ka raba da 144. Nauyinsa na tan kuma ka raba da 3,000, abin da ya fita shi ne kusan nauyin naka a kilo. Bismarck na Jamus mita 251 ne, zai ba ka jirgi mai mita 1.74 da nauyin da ya kai kilo 17. Kowa shi yake so, amma ba zai shiga tirotiro da daɗi ba, kuma kuɗin batir da injinsa kaɗai zai kashe maka gwiwa. Ƙananan jirage masu gudu su ma ba na sabon shiga ba ne, domin wani bai wuce kilo ɗaya ba, babu wurin zuba kaya a cikinsa. Ni Graf Spee na Jamus nake ba da shawara, wanda ma'aikatansa suka nutsar da shi da hannunsu a bakin Montevideo, babban birnin Uruguay, a Disambar 1939. Tsawonsa mita 186, naka zai zama santimita 129, nauyi kilo 5 da ɗoriya. Yaro ma zai iya rungumarsa.

Nemi zanen jirgin a intanet, musamman zanen da ke nuna yankan cikinsa daga gaba zuwa baya. Kai shi wurin masu buga takarda su fitar maka a daidai ma'auni, ka auna da rula ka tabbatar, sannan ka manna kowane yanka a kan filaiwud mai kaurin milimita 6 ka yanke da ƙaramin zarto. Waɗannan su ne haƙarƙarin jirgin. Ka fafe tsakiyarsu, ka jera su a kan ƙashin baya, ka ɗaure samansu da zoben filaiwud wanda rufin jirgin zai zauna a kai.

A nan ne dokar wasan ta shigo cikin sassaƙa. Kashi 85 cikin ɗari na gefen jirgi dole ya zama wurin da harsashi zai iya hudawa, kashi 15 kacal aka yarda ya zama mai tauri. A jirginmu mai santimita 129, rabon tauri santimita 19 ne da 'yan kai. Ware 5 a goshi, 2.5 a gindi, saura kusan 12, wato haƙarƙari 19 masu milimita 6. Kada ka ƙara ko ɗaya don tsoron huda. Tagogin da ke tsakanin haƙarƙarin su sauka santimita 2.5 ƙasa da layin ruwa, wato inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi in yana kan ruwa. Daga nan zuwa ƙasa kana da 'yancin cikewa da katakon wawa, wanda masunta ke sassaƙa kwale-kwale da shi, mara nauyi ne kuma yana bin wuƙa. Goge da samfefa, ka shafe komai ciki da waje da gam mai haɗi biyu irin Araldite, domin filaiwud ɗin kasuwa yana ɓarewa da zarar ya kwana a jiƙe.

Fatar jirgi ita ce mai wuyar samu. A tsarin da ake harba ƙwayar ƙarfe mai milimita 4.5, ana rufe gefen da balsa, wani katako mai laushi mara nauyi, mai kaurin milimita 0.8, a liƙa masa takarda shara-shara a shafa fenti. Balsa sai dai ka yi oda ko ka roƙi mai zuwa daga waje. Wawa ya fi shi nauyi da tauri sosai. Idan ku abokan wasa kun yarda ku gwada fallen katakon rimi, wanda Asantawa ke kira onyina, to kowa ya yi amfani da falle iri ɗaya, kuma a gwada harbi a kansa a gaban kowa. Fatar da ba ta huduwa tana mayar da ƙwaya kan mutanen da ke tsaye a bakin ruwa.

Farfela biyu da allon juya jirgi ɗaya a gindi, kamar yadda Graf Spee na gaske yake, kowace farfela da injinta. Injin da ke cikin motar wasan yara mai caji ko tsohon abin huda bango mai batir ya isa. Ka sa farfelolin su juya saɓanin juna don kada jirgin ya riƙa karkata. Sandar farfela ta bi ta cikin siririn bututun tagulla da aka ɗura wa giris. Batir mai bolt 6 na fitilar caji ya yi, ka kwantar da shi can ƙasa a tsakiya, nauyinsa ya taimaka wa jirgin tsayuwa. Kada ka manta da fis.

Yanzu famfon kwashe ruwan da ya shiga jirgi, wanda a wurina ya fi bindiga muhimmanci. Yi wa cikin jirgin kwari, ka cike gefe da gefe da soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, yadda duk ɗigon da ya shigo zai gangara wuri guda kusa da gindi. A nan famfon zai zauna, bakinsa a ƙasa, an rufe shi da ragar sauro, saboda ɓarɓashin balsa da ƙwayoyin da suka faɗo ciki su ne ke shaƙe shi. Tiyonsa ya fita ta sama inda za ka hango ruwan yana tsartuwa daga nesa. Da wannan tsartuwar kake sanin halin da jirginka yake ciki: in ta yi kauri ba ta yankewa, juyo gaɓa. Famfon wanke gilashin mota, wanda za ka samu a Suame, zai yi maka gwajin farko, amma ba a yi shi don dogon aiki ba, yana zafi. Masu wasan na haɗa nasu da inji mai ƙarfi da ɗan fanka.

Rimot mai 2.4GHz za ka nema, mai tasha shida. Na'urar karɓar saƙo da mai sarrafa gudun inji ka sa su a ɗan akwatin roba mai murfi, ka toshe ramukan waya da silikon. Saƙon irin wannan rimot ba ya ratsa ruwa, don haka eriya ta zauna a sama. Ta ciki, bayan haƙarƙari, rataya fallen roba mai sulɓi, ko da na jarkar da aka yanke ne, ya tare ƙwayar da ta huda fata kafin ta fasa batir. Sannan ka ɗaura ɗan kwalaba mai launi da igiyar kamun kifi mai tsawo, ka ajiye shi sako-sako a kan rufi, jirgi na nutsewa shi kuma ya taso ya nuna wurin.

Cika babban baho, ka sa jirgin, ka ƙara darma har ya zauna a layinsa. Zuba masa ruwa da kofi ka ga famfo ya kwashe. Daga nan ka danna shi ƙasa da hannunka na minti ɗaya, ka ciro ka tsiyaye, ka kunna. In bai tashi ba, aiki bai ƙare ba.

Bindiga ita ce ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ban yarda ka ƙera da kanka ba. Tana aiki da iskar CO2, wadda ƙarfinta a cikin kwalba ya haura psi 800 (psi ma'aunin matsin iska ne), ana rage shi da na'ura zuwa 150 ko ƙasa. Zafi na ƙara wannan ƙarfi sosai, don haka a ranar Fabrairu ko Maris ta Kumasi kwalba a inuwa take zama, ba a but ɗin mota ba. Sayi bindiga da kwalba da na'urar ragewa daga masu yin su don wasan, kuma ka tambayi 'yan sanda da kwastam kafin ka yi oda. Bututun ruwa na roba ba ya zama tankin iska. Bakin bindiga ya kalli ruwa, kuma duk wanda ke wurin, har 'yan kallo, ya sa tabarau na kariya. Kafin kayan su iso za ka iya shiga wasa da jirgin dakon kaya mara makami, wanda aikinsa ya ƙetare tafki da rai.

Ruwan da za ku yi wasa kada ya wuce ƙugu. Ramukan galamse, wato na masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ba wurin zuwa ba ne, suna da zurfi da laka mai riƙe ƙafa. Tafkin Bosomtwe ma a bar shi, yana da alfarma a wurin Asantawa kuma mutane na cin kifinsa. Ku nemi izinin mai ɗan dam ko kududdufin gona, mai shiga ciro jirgi ya sa dogon takalmin roba saboda tsargiya. Bayan kowane zagaye a ƙirga ramuka: a tsarin da aka fi sani, huda sama da layin ruwa maki 10 ce ga wanda ya yi harbin, a kan layi 25, ƙasa da shi 50. Yanki 'yar takarda, shafa gam, liƙe kowane rami, ka bar jirgin ya bushe kamar minti goma kafin a kira zagaye na gaba.