Fita daga ƙaramin fom a Access ba tare da taɓa maus ba

Jama'a, masu shigar da bayanai a Microsoft Access: in kun maƙale cikin ƙaramin fom (subform, wato fom ɗin da ke cikin babban fom), ku danna Ctrl+Tab. Nan take za ku faɗa gurbi na gaba a babban fom. Ctrl+Shift+Tab kuma baya yake mai da ku.

Ga dalili. Ƙaramin fom yana da nasa jerin gurabe, shi ya sa Tab kaɗai ba ya fitar da ku. In ya kai gurbin ƙarshe sai ya zarce layi na gaba, har ya buɗe sabo. Na daɗe ina miƙa hannu ga maus a kan kowane rasit kafin na gano wannan, wallahi har wuyan hannuna ya gaji.

In fom ne cikin fom cikin fom, dannawa ɗaya hawa ɗaya take fitar da ku.

Amma fa ku kula. Fita daga ƙaramin fom yana adana layin da kuke kai, don haka in kun bar gurbin dole babu komai, Access zai tare ku da saƙo. Sannan in wanda ya tsara fom ɗin ya mai da Tab Stop na ƙaramin fom (saitin da ke sa Tab ya tsaya a kansa) zuwa No, Tab zai riƙa tsallake ƙaramin fom ɗin gaba ɗaya. Wannan kam ana iya gyara shi a Design View, wato inda ake tsara fom.