Yadda ma'aikacin lafiya zai karɓi yaron da ake zargin an yi lalata da shi

Ba sai na tsaya kan auna zafin jiki da buɗe kati ba, kowa ya iya. Inda sababbin ma'aikata suke ɓata aiki shi ne wurin magana da yaron, tun kafin a kai ga duba shi.

Da farko, ka gane abin da ke gabanka. Da wuya uwa ta shigo ta ce fyaɗe. Cewa za ta yi yarinya tana kuka in za ta yi fitsari, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, ko ta ƙi kai talla wani gida. Ciwon sanyi a jikin ƙaramin yaro, ko rauni a gaba ko dubura wanda bayanin iyaye bai dace da shi ba, ya isa ka tsaya. Kada ka manta da maza. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun gamu da irin wannan cin zarafi kafin shekara 18.

Sai maganar. Ka sallami jama'a daga ɗakin, har da wanda ya kawo yaron in hali ya yi, domin wani lokaci shi ne mai laifin. Ka zauna a benci kusa da yarinyar, ka ajiye biro. Ka ce, "Ba ni labarin abin da ya faru," sannan ka yi shiru. Shirun nan shi ne yake gagarar mutane. Daga yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, sai ka ji ma'aikaci ya ce, "Kawunki ne ya taɓa ki, ko?" Yaro yakan amsa da e don ya faranta wa babba, kuma gobe lauya zai rushe shari'ar da wannan tambayar. Ban da "me ya kai ki ɗakinsa?" Ban da salati da tafa hannu, domin da ta ga ka firgita za ta ɗauka ita ta yi abin kunya, ta kulle baki. Kada ka yi mata alkawarin ba wanda zai ji. Ka ce, "Ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa, zan gaya wa waɗanda za su kare ki kaɗai." Ka rubuta kalamanta yadda ta furta su, har sunan da take kiran gaɓoɓinta da shi. Sau ɗaya ya wadatar, ba sai kowace nas ta zo ta sake tambaya ba.

Wajen dubawa, sai da yardarta, da wata mace a ɗakin. Ba a danne yaro. Ba a sa ƙarfen duba mahaifa ga wadda ba ta balaga ba, gwajin budurci kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina shi tun 2018. Yawancin yaran da aka ci zarafinsu ba a ganin rauni a jikinsu, saboda haka kada hannunka ya rubuta "ba a yi fyaɗe ba". Abin da ka gani za ka rubuta, hukunci na kotu ne. Kayan da ke jikinta a sa a ambulan na takarda, leda tana lalata shaida.

Magani ba ya jiran takardar 'yan sanda. Maganin kariya daga ƙanjamau a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Galibi kyauta ne a asibitin gwamnati, matsalar dai wa ke riƙe da makullin ɗakin magani da daddare, sai ka san shi tun yau. Wadda ta balaga a ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa cikin kwana biyar. Sai maganin ciwon sanyi da rigakafin ciwon hanta.

Kafin sallama ka tambayi inda za ta kwana, da ko mutumin yana gidan. Dangi za su ce a rufa asiri, a yi sulhu gaban mai unguwa. Ka sanar da jami'in walwalar jama'a, ka tura su cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe irin Waraka a Kano, Salama a Kaduna ko Nana Khadija a Sakkwato, ka sa ranar dawowa. Ranar awo da rigakafi kuma ka ɗauki minti biyar ka roƙi iyaye mata su daina dukan yaro idan ya zo da irin wannan labari.