Kurakuran da ake yi idan ɗan damfara ya kira da sunan ma'aikacin kamfanin intanet

A unguwannin Zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, mutane da dama sun taɓa amsa kiran wani mai ladabi da ya ce daga sashen gyara na MTN, Telecel ko AT yake, wai layinsu na intanet ya samu matsala kuma za a rufe shi kafin magariba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaskata mai kiran don kawai ya ambaci cikakken sunanka. Wannan ba hujja ba ce ko kaɗan, domin duk wanda ya shigar da lambarka a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kamar zai tura maka kuɗi, zai ga sunan da ka yi rajista da shi kafin ya fasa turawar. Da wannan sunan yake kiranka Alhaji ko Hajiya har ka saki jiki.

Wasu kuma suna tsayawa yi masa tambayoyi don su gwada shi, alhali ya riga ya tanadi amsoshinsa. Abin da ya dace shi ne ka katse kiran, sannan ka buga 100 da hannunka ka tambayi kamfanin ko akwai wata matsala a layinka.

Inda asara take aukuwa shi ne lokacin da ya ce ka karanto masa lambobin da suka shigo maka ta saƙo, ko ka danna *170#, lambar MoMo ta MTN, ka buɗe damar cire kuɗi, ko ka sauke manhaja irin AnyDesk don ya gyara maka daga nesa. Gyaran intanet ba shi da wata alaƙa da asusun MoMo. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka ko asusunka na banki, manhajar kuwa tana nuna masa fuskar wayarka yayin da kake shigar da lambar sirri. 'Yan kasuwar da ke karɓar ciniki ta waya su ne suka fi shiga haɗari, saboda jarinsu yana kwana a ciki.

Idan har an riga an yi maka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Canza lambar sirrinka nan take, ka goge manhajar, ka sanar da kamfanin da bankinka, sannan ka kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda aka kafa bisa dokar 2020, ta hanyar kira ko tura saƙo zuwa 292, tare da lambar da aka kira ka da ita da lokacin kiran.