Kafin ku zaɓi kafasitocin DC na inbata mai matakai uku

'Yan'uwa masu haɗa inbata, ga wata shawara. A inbata irin ta NPC (Neutral Point Clamped), wato mai fitar da matakan bolt uku, kafasita (na'urar ajiye caji) biyu ake jerawa bi-da-bi, mahaɗarsu kuma ita ce matakin tsakiya. Idan layin DC ɗinku bolt 800 ne, kowace tana ɗaukar 400, amma a takarda ne kawai. A inbata mai fes uku (three-phase), bolt ɗin mahaɗar nan yana lilo sau uku a kowane zagayen wuta, wato 150 Hz idan kuna fitar da 50 Hz, sai ɗaya ta ɗauki fiye da rabonta. Ni dai ta bolt 500 nake zaɓa. Ku tuna kuma jerin nan yana rage jimillar mikrofarad (ma'aunin girman ajiyar kafasita) zuwa rabin na kafasita ɗaya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kallon mikrofarad kaɗai. Ku fara duba yawan karan mai kai-komo (ripple current) da kafasitar za ta jure, don shi ke dafa ta daga ciki. Kafasitar elektrolitik, wato mai ruwan sinadari a ciki, tana rasa kusan rabin rayuwarta duk ƙarin zafi na digiri 10. Ta fim, wato mai siririyar leda a ciki, ta fi juriya, sai dai tana cin wuri.

In elektrolitik ce, ku sa wa kowace resista mai daidaita bolt.